Wa Ya Yi Zunubi, Yaron ko Iyayensa?

A bazarar bara, lokacin da zafin Sakkwato ke korar mutane daga ɗaki zuwa tsakar gida, na raka matan zumuntar cocinmu dubiya a wani asibiti cikin gari. Yaron da muka je gani shekararsa tara, mai sikila ne, ciwon ƙashi ya taso masa tun daren Juma'a. Yana kwance a dunƙule, an ɗaura masa ruwa, uwarsa na yi masa fifita da yankin kwali saboda an ɗauke wuta. Aka gaisa, aka ajiye kular abinci da ledar lemo, aka yi addu'a. Muna haramar fita sai wata dattijuwa a cikinmu, mace mai kirki wadda ba na tantamar ƙaunarta ga iyalin, ta ja uwar gefe, amma irin gefen da kunne ke kaiwa. Ta ce, "'Yata, karo na huɗu ke nan a shekara guda. Ki zauna ki binciki kanki. In akwai abin da kika ɓoye tsakaninki da Allah, ki furta shi, yaron nan ya huta." Uwar ba ta tanka ba. Kwalin da ke hannunta ne kawai ya tsaya.

A gado na gaba akwai wani tsoho Basakkwace mai jinyar jikansa. Da muka zo giftawa ya ɗago kai ya ce, "Sannunku da jinya. Allah shi ba da lahiya, Allah shi sa kaffara ta." Muka amsa da amin baki ɗaya.

Tun ranar nake juya maganganun nan biyu a raina, kuma ta dattijuwarmu ce ta fi tsaya mini, don da sunan Littafi Mai Tsarki ta yi ta. Ba kuma a hanya ta tsince ta ba, akwai ayoyin da za ta iya buɗewa ta nuna. Inda gizo ke saƙar shi ne Littafin yana faɗin abubuwa biyu masu kama da juna har mutum ya ɗauka Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Na farko, cuta da mutuwa sun shigo duniya ta ƙofar zunubi. Na biyu, ciwon wane sakamakon zunubin wane ne. Ikilisiya ta riƙe na farkon tun zamanin manzanni. Na biyun kuwa shi ne Yesu da kansa ya taka wa birki fiye da sau ɗaya.

Mu fara daga tushe. A Farawa 2:17 Allah ya gaya wa Adamu cewa ranar da ya ci daga itacen sanin nagarta da mugunta, lalle zai mutu. Ya ci. A sura ta 3 aka yanke hukunci: wahalar naƙuda, gumin goshi, ƙaya da sarƙaƙiya a gona, sannan komawa ƙasar da aka ɗauko shi. Mai karatu da hankali zai lura Adamu bai faɗi matacce a ranar ba, domin sura ta 5 ta ce ya yi shekara 930. Shi ya sa malaman tauhidi ke rarrabe mutuwa kashi uku. Akwai mutuwar ruhu, wato yankewar zumunci da Allah, wadda ta auku nan take lokacin da miji da mata suka ɓuya cikin itatuwa. Akwai mutuwar jiki, wadda ta fara aikinta a hankali kamar gara a cikin azara. Akwai kuma wadda littafin Wahayi ya kira mutuwa ta biyu, ta ranar shari'a. Cuta, a wannan fahimtar, ɗan aiken mutuwar jiki ce: ciwon baya, raunin ido, hawan jini, duk alamu ne cewa ginin yana zaizayewa.

Manzo Bulus ne ya ɗaure zancen a Romawa 5:12, inda ya ce ta mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa ta biyo bayan zunubi, ta kuwa game kowa. A 6:23 ya kira mutuwa ladan zunubi, kuma kalmar da ya yi amfani da ita a Girkanci ita ce ta albashin soja, abin da aka yi aiki aka karɓa. A sura ta 8 ya faɗaɗa abin har ya wuce ɗan Adam, ya ce halitta duka tana nishi kamar mace a kan gwiwa.

Misalin da nakan ba ɗalibaina a makarantar Lahadi shi ne na rijiyar gari. A ce wani ya ɓata ruwanta tun kaka da kakanni, kuma babu wata rijiyar. Kowa daga ita yake sha, liman da ɓarawo, tsohuwa da jinjiri. In amai da gudawa suka kama wani gida suka tsallake wani, ba ka da hujjar cewa gidan da abin ya faɗa wa su ne suka fi laifi. Ruwan ne ya gurɓace, kuma babu wanda bai kurɓa ba.

An tafka muhawara mai zafi kan wannan koyarwar, kuma a ƙasar Afirka aka yi ta. Wani malami mai suna Felajiyus, wanda ya fito daga yankin Birtaniya, da almajiransa sun koyar cewa zunubin Adamu shi kaɗai ya cuta, mu dai mugun misali kawai muka gada, kuma ko bai yi zunubi ba da zai mutu. Agustin, bishop na garin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya ja daga da su. A shekara ta 418 taron bishop-bishop a Kartej, cikin Tunisiya ta yanzu, ya yi watsi da ra'ayin cewa an halicci Adamu don ya mutu ko da zunubi ko babu. Daga nan ikilisiyoyin Yamma, Katolika da Furotesta, suka gaji abin da ake kira zunubin asali. Ikilisiyoyin Gabas kuwa sun fi ɗora nauyi a kan cewa mutuwa da raunin hali muka gada daga Adamu, laifin cin 'ya'yan itacen nasa ne shi kaɗai. Akwai ma wata fassara da nake so ƙwarai, ta Ireniyus, bishop na Liyon a Faransa a ƙarni na biyu. Shi a ganinsa, da Allah ya tare hanyar itacen rai, tausayi ne ya sa, don kada mutum ya dawwama cikin mugunta har abada. Wato mutuwa hukunci ce, amma kuma iyaka ce da aka yi wa ɓarna. Duk wanda ya taɓa rayuwa ƙarƙashin azzalumi zai gane abin da yake nufi.

A nan muka rabu hanya da maƙwabtanmu Musulmi, kuma gara a faɗa a fili tunda kasuwa ɗaya muke ci, kabu-kabu ɗaya muke hawa. A Musulunci Annabi Adamu ya tuba, Allah ya karɓi tubarsa, babu zunubin da ya gangaro wa zuriyarsa, kowane jariri da tsarkinsa ake haihuwarsa, mutuwa kuma ajali ce da aka rubuta wa kowane rai. Kirista na cewa mutuwa rigar kowa ce kamar yadda kowane Bahaushe ke cewa, amma a tauhidinsa rigar ba da ita aka halicce shi ba.

To, yanzu mu dawo ga dattijuwarmu da ayoyinta, mu yi mata adalci. Maryamu 'yar'uwar Musa ta yi gunaguni a kansa, kuturta ta kama ta, aka fitar da ita bayan zango kwana bakwai. Gehazi baran annabi Elisha ya bi Na'aman, kuturun da ubangidansa ya warkar, da ƙarya ya karɓi azurfa da tufafi, ya koma kuturu. Sarki Uzziya ya kutsa Haikali zai ƙona turare, aikin da ba nasa ba, kuturta ta fito masa a goshi. In wani ya ce ai duk Tsohon Alkawari ne, ga Hananiya da matarsa Safiratu da suka yi ƙarya a gaban manzanni suka faɗi matattu a Ayyukan Manzanni sura ta 5. Ga Bulus yana gaya wa Korantiyawa cewa saboda wulaƙanta Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Almasihu, ne waɗansunsu ke rashin lafiya, waɗansu ma sun mutu. Ga Yesu da kansa, bayan ya warkar da mutumin da ya shekara 38 a kwance, ya same shi a Haikali ya ce masa kada ya ƙara yin zunubi don kada abin da ya fi wannan ya same shi. Saboda haka duk mai cewa babu wata alaƙa ko kaɗan tsakanin zunubin mutum da lafiyarsa, bai karanta Littafin da kyau ba.

Amma a duba yadda yawancin labaran nan suka tafi. Zunubin ne aka fara sani, a bainar jama'a ko ta bakin annabi ko manzo, sannan hukuncin ya biyo, kuma wanda Allah ya ba iko ne ya haɗa su. Daga laifi ake tafiya zuwa ciwo. Abin da dattijuwarmu ta yi shi ne ta juyo da tafiyar: ta ga ciwo, sai ta bi sawu baya tana neman laifin da ba ta sani ba. Akwai mutanen da suka yi irin wannan bin sawu a cikin Littafin, kuma babu wanda ya dace a cikinsu.

Abokan Ayuba su ne shugabannin wannan makaranta. Elifaz da Bildad da Zofar sun taso daga nesa, suka tarar da abokinsu cikin toka yana susa da tsingaro, suka zauna tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Da sun tashi a rana ta takwas sun koma gida, da har yau ana yabonsu. Amma suka buɗe baki. Elifaz ya fara da lallami, yana tambaya ko an taɓa ganin marar laifi ya hallaka. Lissafinsu mai sauƙi ne: Allah mai adalci ne, Ayuba yana shan azaba, ke nan Ayuba ya yi wani abu. Da Ayuba ya ƙi amsa laifin da bai yi ba, sai muryarsu ta ƙara kauri. Da aka kai sura ta 22 Elifaz ya fara ƙirƙiro laifuffuka da kansa, wai Ayuba ya hana mai ƙishi ruwa, ya kori gwauraye mata hannu wofi. Abin da ke ba ni tsoro shi ne mai karatu ya san tun sura ta farko cewa Allah ya shaidi Ayuba da cewa babu kamarsa a duniya. Mutanen nan ba maƙiyan Allah ba ne, kare shi suke ganin suna yi. Amma a 42:7 Allah ya ce ya husata da su domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba, ya umarce su su kawo bijimai bakwai da raguna bakwai, wanda suka zarga kuma shi ne zai yi musu addu'a.

Almajiran Yesu ma sun faɗa ramin. A Yahaya sura ta 9 sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambaya wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa. Dubi tambayar: ba su tambaya ko akwai zunubi a ciki ba, wannan sun riga sun yanke, mai laifin kawai suke so a nuna musu. Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba, sai dai domin ayyukan Allah su bayyana a kansa. Ya tofa yau a ƙasa, ya kwaɓa, ya shafa masa a ido, ya aike shi ya wanke. Su suna neman tarihin ciwon, shi kuwa ya kama aiki. A Luka sura ta 13 kuma ya kawo labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta rufta wa, ya tambayi jama'a ko suna tsammani waɗannan sun fi sauran mazauna Urushalima laifi. Ya ce a'a, amma in ba ku tuba ba, ku ma za ku hallaka. Ya karɓe yatsan da suke nuna wa matattu ya mayar da shi ƙirjinsu. Duk lokacin da na ji kwale-kwale ya kife da 'yan kasuwa a Gulbin Rima, wannan ayar ce ke faɗo mini. Har mutanen tsibirin Malta, da maciji ya maƙale a hannun Bulus, cewa suka yi lalle mai kisan kai ne, alhaki ya biyo shi. Da suka ga bai kumbura ba, sai suka koma cewa shi allah ne. Duka biyun kuskure.

Na ambaci alhaki, kuma a ganina kalmar nan ce ke riƙe da mu. Bahaushe na cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Akwai gaskiya a ciki, Bulus ma ya ce abin da mutum ya shuka shi zai girba. Wanda ya mayar da giya ruwan sha, hantarsa za ta ba da labari. Mai busa sigari shekara talatin kada ya yi mamakin tari. Amma wannan kwikwiyon ba kullum yake sanin ubangidansa ba. Mace ta tsare kanta, mijinta ya kwaso mata ƙanjamau, jaririnta ya sha a nono. Wani ya sayar da jabun maganin zazzaɓi ya gina bene, ɗan wani ya mutu. Akwai zunubi a cikin labarin ƙwarai, sai dai mai zunubin yana tafiya da ƙafarsa, wanda aka zalunta ne a kwance.

A nan Sakkwato muna da asibitin yara masu cutar noma, mai zaizaye baki da fuska, wanda aka kafa a 1999, kuma irinsa kaɗan ne a duniya. Cutar ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, kuma in an tare ta da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta yana tsayar da ita. Sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Mai neman zunubi a wannan cutar zai same shi, amma sai ya bar gadon yaron ya tafi inda aka karkatar da kuɗin asibitin ƙauye. Da annabi Amos, mai tsawata wa masu zaluntar talakawa, yana raye, can zai nufa.

Wannan tunanin bai tsaya a coci ba. A 2017, da sanƙarau ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato da Katsina ya kashe mutum fiye da 1,000 a ƙasar nan, gwamnan Zamfara na lokacin ya danganta annobar da saɓon Allah, musamman zina. Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi II, ya fito fili ya soki maganar, yana mai cewa rigakafi ake bukata. Na ji Kiristoci da yawa suna dariyar gwamnan a lokacin. Wasunsu kuwa in ka bi su dubiya, maganarsa ce za su maimaita da ayar Littafi a gaba.

Sai batun la'anar gado, wanda ya zama kasuwa a wasu wuraren addu'a. Ana jan Fitowa 20:5, inda aka ce alhakin iyaye na bin 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu. Amma mutanen Yahuza sun taɓa mayar da wannan karin magana, suna cewa iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya ne suka mutu, kuma ta bakin Ezekiyel a sura ta 18 Allah ya hana su faɗinta, ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. Irmiya ma ya faɗi haka a sura ta 31. Sikila gado ce, ba musu, amma gadon jini. In uba AS ne uwa ma AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, ko iyayen waliyyai ne. Shi ya sa coci-coci da yawa yanzu ba sa ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin jini. Abin mamaki, cocin da ya yarda da lissafin nan ranar aure, sai ya manta da shi ranar dubiya.

Kuturta ma haka aka daɗe ana yi mata. Kalmar Ibrananci da aka fassara da kuturta a Littafin Firistoci sura ta 13 da ta 14 ta haɗa cututtukan fata iri-iri, har da tabon da ke fitowa a tufa da bangon ɗaki, kuma bango ba ya zunubi. A 1873 wani likita ɗan Norway, Hansen, ya gano ƙwayar cutar, kuma tun farkon shekarun 1980 akwai haɗin magunguna da ke warkar da ita cikin wata 6 zuwa 12. Mu a nan muna da Amanawa, a Dange Shuni, inda 'yan mishan na SIM suka riƙe jinyar kutare tun wajajen ƙarshen shekarun 1930, a lokacin da wa'azi a bainar jama'a ba ya yiwuwa a ƙasar Sarkin Musulmi. Aikinsu ya yi daidai da Markus 1:41, inda Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu kafin ya warkar da shi, bai kuwa tambaye shi abin da ya aikata ba.

Akwai wani reshe na wannan tunanin da ya fi zamani, kuma ya fi shiga matasa. Shi ne mai cewa tunda Almasihu ya ɗauke zunubi, ya ɗauke cuta ma, saboda haka Kirista na gaske ba ya ciwo. In zazzaɓi ya kama shi sai ya ce ba rabona ba ne, ya ƙi ambaton sunan cutar. Ayarsu Ishaya 53:5, cewa ta raunukansa aka warkar da mu. Matiyu ya ɗora wannan surar a kan warkarwar da Yesu ya yi a Kafarnahum, Bitrus kuma ya ɗora ta a kan gafarar zunubi, saboda haka ba za a ce ba ta shafi jiki ba. Gardamar a kan lokaci take. Bulus da ya rubuta Romawa sura ta 8 cewa ya yi muna jiran fansar jikinmu, jira kuwa sai abin da bai iso ba. Shi da kansa yana da abin da ya kira ƙaya a jiki, ya roƙa sau uku a cire, aka ce masa alheri ya ishe shi. Ya bar abokin aikinsa Tarofimas ba lafiya a Militas. Abafaroditas ya kusa mutuwa a bakin aikin bishara. Timoti na fama da ciki a kai a kai, shawarar abin sha Bulus ya ba shi, bai ce ya tuba ba. Elisha da ya warkar da Na'aman, ciwo ne ya kashe shi. Kuma duk ɗan ECWA, cocin da ya fito daga mishan na SIM, ya san cewa cikin samari uku 'yan mishan da suka fara aikin, waɗanda suka sauka Legas a Disambar 1893, Walter Gowans da Thomas Kent cuta ta kashe su a 1894, Rowland Bingham kaɗai ya koma. Byang Kato, babban malamin tauhidinmu daga Kwoi, ruwa ya ci shi a gaɓar Mombasa a 1975 yana da shekara 39. Mai wannan koyarwar dole ya ce duk waɗannan bangaskiyarsu ce ta gaza. Illarta kuma a aikace take: mai ciwon suga ya ajiye allurarsa don ya nuna bangaskiya, in ya kwanta a ce laifinsa ne, a ɗora masa kaya biyu.

To in an gafarta wa mutum, me ya sa yake mutuwa? Tambaya ce mai kyau, kuma an daɗe da yin ta. Wani littafin koyar da bangaskiya da aka rubuta a Haidelbag ta Jamus a 1563 ya amsa cewa mutuwar mai bi ba biyan bashin zunubi ba ce, ƙarshen yin zunubi ce da mashigar rai madawwami. Bulus a 1 Korantiyawa 15 ya kira mutuwa maƙiyi na ƙarshe da za a hallaka, ya kuma ce ƙarinta shi ne zunubi. Duk wanda ya kwana a tsakar gida a watan Afrilu a garin nan ya san kunama. In aka cire mata ƙari, kunama ce har yanzu, tana tafiya, ganinta na tayar da tsigar jiki, amma abin da ake tsoro a jikinta ya tafi. Shi ya sa a jana'izar Kirista ake kuka ana kuma waƙar tashin matattu a zama ɗaya. Masu hana mutane kuka a gidan makoki su tuna Yesu ya yi hawaye a kabarin abokinsa Li'azaru alhali ya san zai tashe shi nan da ɗan lokaci.

Addu'ar tsohon nan ta kaffara fa? A Musulunci akwai hadisi cewa babu gajiya ko ciwo ko baƙin ciki da zai sami mumini, har ƙayar da ta soke shi, face Allah ya kankare masa zunubi da shi. A koyarwar Furotesta kafara an yi ta sau ɗaya a kan gicciye, kamar yadda Ibraniyawa sura ta 10 ta nanata, ciwona ba ya ƙara mata komai. Abin da wahala ke iya zama shi ne horo irin na uba ga ɗansa, wanda sura ta 12 ta yi bayani. 'Yan'uwanmu Katolika suna koyar da cewa mai ciwo na iya haɗa wahalarsa da ta Almasihu ya miƙa ta ga Allah, Fafaroma John Paul II ya rubuta wasiƙa a kan haka a 1984, ya kuma ware 11 ga Fabrairu ta zama ranar marasa lafiya ta duniya. Ke nan a tauhidi ni da tsohon ba wuri ɗaya muke ba. Duk da haka ban yi nadamar amin ɗin da na ce ba. Addu'arsa ta ɗauka cewa kowa mai zunubi ne, shi da mu, ta kuma roƙa wa yaron alheri daga cikin wahalarsa. Ba ta tuhumi kowa ba. A ɗakin nan, a ranar nan, ita ce ta fi kusa da Luka 13.

Ba cewa nake a daina zancen tuba a bakin gadon majinyaci ba. Yakubu 5:14 zuwa 16 ya ce mai ciwo ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a suna shafa masa mai, kuma in ya yi zunubi za a gafarta masa. Akwai "in" a wurin, ƙaramar kalma ce amma ita ke riƙe da ayar. Mai ciwon ne ke kira, shi ya san abin da ke zuciyarsa, furcin kuma ga juna aka ce a yi, dattijo ma yana da nasa. Kwanciya takan sa mutum ya tuna abin da ya binne, kamar yadda Dawuda ya ce a Zabura 32 ƙasusuwansa sun lalace lokacin da ya yi shiru da laifinsa. In majinyaci ya buɗe wannan ƙofar da kansa, a zauna a saurare shi, a gaya masa abin da Yesu ya gaya wa shanyayyen da aka zuraro ta rufin ɗaki, cewa an gafarta masa. Ɓalle ƙofar daga waje shi ne aikin Elifaz.

Bayan mako biyu na haɗu da uwar yaron a bakin coci, an sallame su. An ƙara masa jini leda biyu, wani saurayi daga ƙungiyar matasa ya ba da ɗaya, abokin aikin babansa ya ba da ɗayar. Na tambaye ta mai jiki, ta ce da sauƙi, har ya koma makaranta. Sai ta rage murya ta ce, "Malam, daren nan ban runtsa ba. Na ƙirga zunubaina tun daga aji ɗaya na sakandare, har kuɗin cefanen da na taɓa rage wa babana. Kowanne na tuna sai in dubi yaron in ce ko shi ne." Na buɗe mata Yahaya sura ta 9 a wayata, ta karanta aya ukun farko da kanta, ta sake karantawa, ta miƙo mini wayar. Dattijuwar kuwa, in ji ta, kullum da safe sai ta aiko da kunun gyaɗa har ranar da aka sallame su, kuma ba ta sake tayar da zancen ba.